Haƙƙin Hanya da Haƙƙin Mai Kwana a Kanta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu wannan wata mai alfarma da ranmu da lafiyarmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi tafarkinsu har ranar sakamako.  

Darasinmu na yau a kan hanya yake, wannan hanya ta kwalta da ta ƙasa da muke takawa kullum, da abin da muke yi wa juna a kanta, da kuma bayin Allah waɗanda ba su da wani ɗaki sai ita.

Duk wanda ya san Yamai ya san yadda gari yake komawa in la'asar ta yi sanyi a watan azumi. Daga bakin Gadar Kennedy zuwa Babbar Kasuwa, daga Katako zuwa Wadata, kowa sauri yake yi. Mai taksi ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗauki fasinja, ɗan kabu-kabu ya kutsa ta inda babu wuri, mai kura ya tokare shataletale da kayansa, zafin rana ya haura digiri 40, maƙogwaro ya bushe. Sai moto ya gogi mota. Kafin a duba ko fenti ya kankare, an riga an zagi uwa an zagi uba, an cire riga, jama'a ta yi da'ira tana kallo, wasu sun ɗaga salula suna ɗauka. Abin da ake yi a Yamai shi ake yi a bakin kasuwar Maraɗi, shi ake yi a Dole ta Damagaram, shi ake yi a tashar Tawa. Kuma duka biyun da suke cacar bakin masu azumi ne, tun asuba suka bar ci da sha saboda Allah, saura rabin sa'a su sha ruwa.

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun ce zagi ba ya karya azumi, wato ba a ce wa mai zagi ya rama ranar. Amma kada wannan ya ruɗe ka, ɗan'uwa. Ramuwa daban, lada daban. Ya inganta daga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa azumi garkuwa ne, kuma ya umarci mai azumi da kada ya yi batsa ko hayaniya, in wani ya zage shi ko ya neme shi da faɗa, ya sanar da shi cewa yana azumi. Ya kuma gargaɗe mu cewa wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba ya da buƙatar yunwarsa da ƙishirwarsa. To mutum ya wuni da yunwa a cikin wannan zafi, ya zo dab da magariba ya zubar da abin da ya tara a kan gogar fenti. Wannan ciniki ne na asara.

Akwai wani abu game da ashar da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Annabi ya lissafa zagin iyaye a cikin manyan zunubai, sai sahabbai suka yi mamaki, suka tambaya ko akwai mai zagin iyayensa. Ya bayyana musu cewa mutum yakan zagi uban wani, wancan ya rama a kan ubansa, ya zagi uwar wani, wancan ya rama a kan uwarsa. Ke nan kai da ka fara, kai ka jawo wa mahaifiyarka zagi a bainar jama'a. Tana gida tana dama maka kunun shan ruwa, ko tana kabarinta tana jiran addu'arka, kai kuma kana tsakiyar titi kana miƙa ta ga bakin wanda bai taɓa ganinta ba. Wasu har sun mai da ashar kamar gaisuwa, yaro ɗan shekara bakwai yana yinta ba ya ko jin nauyi, domin a bakin manya ya ji ta.

Mun ɗauka cewa jarumi shi ne wanda muryarsa ta fi ƙarfi, wanda in an taka shi sai ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Ma'aunin Annabi ba haka yake ba. A wurinsa mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. A cikin Suratu Ali Imrana Allah ya yabi masu haɗiye fushi da masu yafe wa mutane, a cikin Suratul Furƙan ya siffanta bayinsa da tafiya a kan ƙasa cikin natsuwa, in wawaye sun yi musu magana su amsa da abin da zai kawo zaman lafiya. Luƙmanu kuwa da yake yi wa ɗansa wasiyya, ya ce masa ya sassauta murya, ya kuma tuna masa wace dabba ce ta fi kowa munin murya. Ba sai na faɗi sunanta ba, kowa ya san mai kuka a bayan gari. Maganin da aka koya mana mai sauƙi ne: ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ka yi shiru, in kana tsaye ka zauna. In kana bisa moto, ka ja abinka ka yi gaba.

Ga samarinmu na fada ina da magana. Zaman fada ba haramun ba ne. Sahabbai ma sun zauna a bakin hanya, da Annabi ya hane su suka ce ba su da wurin hira sai nan, sai ya ce to su ba hanya haƙƙinta. Da suka tambayi haƙƙin, ya ambata musu runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da alheri da hani daga mummuna. Ku auna fadarku da wannan. In yarinya mai talla tana canza hanya don kada ta bi ta gabanku, in tsoho yana wucewa ana kwaikwayon tafiyarsa ana dariya, to ba a ba hanya haƙƙinta ba. Mutanen Damagaram sun ga inda abin yake kaiwa a shekarun da ƙungiyoyin da ake kira palais suka yi ƙarfi, unguwa ta tasar wa unguwa da adda da wuƙa a kan abin da bai kai ya kawo ba, iyaye suka yi ta kai ƴaƴansu asibiti da gidan kaso. Da yawa daga cikin yaran nan sun tuba, sun kama sana'a, Allah ya ƙara shirya su. Wanda har yanzu yake yawo da wuƙa a ƙugu ya sani cewa Annabi ya ce mala'iku suna la'antar wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe har sai ya sauke.

Yanzu na zo ga abin da ya fi tayar mini da hankali, wato ihun ɓarawo. Mutum ɗaya ya ɗaga murya a kasuwa, ɗari su taso. Mai sanda, mai dutse, mai bulo. Tambayi kowane ɗaya daga cikinsu me wannan ya sata, ba zai iya faɗa maka ba, ya dai ga ana duka ya shiga. An sha kashe mutum a kan salula, daga baya ta bayyana a aljihun wani, ko ta bayyana cewa mai ihun bashi ne tsakaninsu. Jama'a, wa ya naɗa mu alƙalai? A shari'ar Musulunci ba a zartar da haddi sai ta hannun hukuma, bayan shaidu ko iƙirari, bayan an tabbatar kayan sun kai nisabi kuma daga ma'ajiyarsu aka ɗauke su, kuma shubuha kaɗan tana tunkuɗe haddi. Bayan duk wannan ma, hukuncin sata bai kai kisa ba. To taron kasuwa da ya kashe mutum a kan ɗan abin da bai kai jika biyar ba, da wane littafi ya yi hukunci? Kada wani ya ce ai dutse ɗaya kawai na jefa. Sayyidina Umar ya zartar da ƙisasi a kan jama'a da suka taru suka kashe mutum ɗaya a San'a, ya kuma bayyana cewa da dukan mutanen garin sun haɗu a kan jinin, da dukansu zai kama. In ka kama ɓarawo, ka riƙe shi, ka kare shi daga taro, ka miƙa shi ga ƴan sanda ko jandarma. Wanda ya tsaya ya hana a kashe shi, shi ne ya yi aikin jarumi a ranar.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa wasu bayin Haɗibu sun saci raƙumar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Aka kai ƙara gaban Umar. Da farko ya yi umarni a yanke musu hannu, sai ya sake dubawa, ya ce wa ubangidansu yana ganin yunwa yake barinsu da ita. Ya tambayi mai raƙuma kuɗinta, ya ce dirhami 400, Umar ya sa ubangidan ya biya 800. Ku duba inda Umar ya kai idonsa. Bai tsaya ga hannun da ya ɗauka ba, ya bi sawu har ya iske wanda ya bar cikin da yunwa.

Mu ma mu bi sawun. In dare ya raba, ka fita bayan tahajjudi ka bi ta barandar shaguna, ta rumfunan kasuwa, ta tasha, ta ƙarƙashin gada, za ka ga mutane kwance a kan kwali, wani da buhu ya rufa, wani ya yi matashi da takalminsa don kada a sace. Su wane ne? Akwai ɗan ci-rani da ya baro ƙauye bayan damina ta yi gardama, yana ga-ruwa ko wankin takalmi, yana tara abin da zai aika gida, ba zai iya kama ɗaki ba. Akwai waɗanda ƴan bindiga suka kora daga garuruwansu a yankin Tillaberi, ko Diffa, ko kan iyakar Madarumfa da Gidan Rumji. Akwai wanda ruwa ya cinye gidansa, kamar yadda muka gani a Yamai a 2020 da kogi ya fasa, da kuma daminar 2024 da ta rusa gidaje a Maraɗi, ta kai ga faɗuwar tsohon masallacin Birni a Damagaram. Akwai matar da aka saka da ƴaƴa huɗu, gidan ubanta ba abin da za a ci. Akwai almajirin da aka kawo aka ajiye, shekara uku ba wanda ya zo dubansa. Akwai yaron da ya gudo daga dukan kishiyar uwa, ya faɗa hannun masu sholisho da tiramol. Yamai da ba ta wuce mutum dubu talatin da ƴan kai ba lokacin samun ƴancin kai a 1960, ƙidayar 2012 ta same ta da fiye da miliyan ɗaya. Gari ya faɗaɗa, zaure ya ɓace. Da can kowane gida da zaurensa, baƙo ya sauka a ba shi tabarma da ƙwaryar fura ba a tambaye shi daga ina yake ba sai ya huta. Yau katanga ce mai tsawo, da ƙofar ƙarfe, da mai gadi, wani har da fasassun kwalabe a bisa katangar.

Ban ce kowa ya buɗe gidansa ga wanda bai sani ba, zamani ya lalace, tsoro yana da dalili. Abin da nake tambaya shi ne, da zaure ya tafi, me muka sa a gurbinsa?

Madina ma ta ga irin wannan. Da muhajirai suka baro Makka ba gida ba dukiya, waɗanda ba su da wurin sauka aka yi musu rumfa a cikin masallacin Annabi, su ne ake kira Ahlus Suffa. Abu Huraira yana cikinsu. Ya ba da labarin cewa ya ga saba'in daga cikinsu, ba wanda yake da cikakkiyar sutura, wani sai ya riƙe mayafinsa da hannu don kada tsiraicinsa ya bayyana. Ya kuma faɗi game da kansa cewa yakan faɗi sumamme tsakanin mimbari da ɗakin Nana A'isha, mai wucewa ya ɗora ƙafa a wuyansa yana zaton taɓin hankali ne, alhali yunwa ce kawai. Ku ji fa, wannan mutum da ya fi kowane sahabi ruwaito hadisi, wanda ba a buɗe littafin ilimi a makarantunmu ba a ambaci sunansa ba, a masallaci yake kwana, kuma an taɓa ɗaukarsa mahaukaci. Annabi yakan ce wa sahabbai mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku daga cikinsu, mai na huɗu ya tafi da na biyar. In sadaka ta zo ya aika musu gaba ɗaya, in kyauta ce ya ci tare da su. Abdullahi ɗan Umar ya kwana a masallaci lokacin yana saurayi ba iyali. Wata baƙar mace da aka ƴanta, ba ta da kowa a Madina, an bar ta ta kafa ƴar bukkarta a cikin masallaci, tana zuwa hira wurin Nana A'isha.

Mu kuwa mun sa tayil da fanka da na'urar sanyi, muna idar da asham mu kulle da kwaɗo, wanda ya kwanta a barandar ma ladan ya tashe shi da sanda. Na san hujjar kwamitin masallaci: ana sace agogo, ana sace batir, ana ɓata wuri. Gaskiya ne. Amma ku tuna baƙauyen da ya yi fitsari a cikin masallacin Annabi. Sahabbai suka taso masa, Annabi ya hana su, ya ce a bar shi ya gama, sa'an nan a zuba guga na ruwa a wurin, ya kira mutumin ya yi masa bayani cikin taushi. Guga ɗaya ya wanke ƙasa, mutumin kuma ya tafi yana ƙaunar Annabi. Masallacin da ya iya sayen na'urar sanyi zai iya kafa rumfar kwano a gefe, da tabarmi goma, da makewayi, da randa. Mai unguwa ya san da su, a rubuta sunan mai kwana da garinsu. Wannan bai fi ƙarfin masallatan Juma'a na Yamai ko Maraɗi ba.

Sai masu taɓin hankali. Yara su bi mutum da jifa suna yi masa waƙa, manya na zaune a fada suna dariya, in ya juyo ya rama a ce mahaukaci ya yi ɓarna a ɗaure shi. Wannan bawan Allah an ɗauke masa alƙalami, ba a rubuta masa zunubi. Kai da kake dariya ba a ɗauke maka ba. Kuma ciwo ne kamar kowane ciwo, da yawa suna samun sauƙi in an kai su asibiti an dage da magani. Danginsa da suka sake shi a titi don kunya, za a tambaye su.

Kada a fahimce ni da cewa ina yabon bara. Annabi ya ce mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da roƙon mutane, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani ga wanda yake roƙo don tara dukiya. Mun san akwai waɗanda suka mai da bara fatauci, suna hayar ƴaƴan mutane suna ƙetare iyaka da su. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A 2022 kuma sai da aka yi jigilar ƴan ƙasarmu daga titunan Dakar aka dawo da su gida. Uban da ya karɓi kuɗi ya ba da ɗansa a tafi da shi bara, amanar Allah ya sayar. Amma laifin mai fataucin bara ba ya halatta maka wulaƙanta wanda ya tsaya a gaban motarka. Ba ka san wane ne a cikinsu ba. Suratud Duha ta hana tsawa ga mai roƙo, Suratul Baƙara ta ce magana mai daɗi da yafiya sun fi sadakar da cutarwa ta biyo bayanta. In kana da dala ashirin ka ba shi. In babu, ka ce Allah ya ba mu, da fuska a sake. Allah ya yi wa Annabinsa, mafi girman halitta, gyara a cikin Suratu Abasa saboda ya ɗaure fuska ga makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum, alhali makahon bai ma ga fuskar ba.

Ga masu rabon sadaka a wannan wata, Allah ya saka muku, amma a gyara yadda ake yi. Ana tara mata da tsofaffi a ƙofar gida tun hantsi cikin rana da azumi a bakinsu, ana korarsu da bulala, ana ɗaukar hotonsu ana watsawa, a ƙarshe a ba mutum tiya ɗaya ta gero. Wani lokaci turereniya ta kai ga rasa rai. Ka aika yaranka su kai musu inda suke. Zakkar fidda kai tana tafe, sa'i ɗaya ne, mudun Annabi huɗu a kan kowane kai, daga abincin da garin ya fi ci. Kafin ka kai ta gidan da ka saba kaiwa don a san ka kai, ka tuna da mai gadin da yake kwana a bakin shagonka, da matar da take kwana a tasha da goyo. Matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin kashi takwas da Suratut Tauba ta ambata a rabon zakkar dukiya, ko da a garinsu mai hali ne. Kuɗin mota zuwa Tanut ko Dakwaro ko Illela na iya zama abin da ya raba wani da kwanan titi.

Akwai wata mata da take share masallacin Annabi. Ta rasu da dare, sahabbai suka yi mata sutura ba su tashe shi ba, kamar sun ga al'amarinta bai kai a dame shi ba. Da ya kwana biyu bai gan ta ba ya tambaya, aka faɗa masa. Ya nuna rashin jin daɗinsa da ba a sanar da shi ba, ya ce a kai shi kabarinta, ya je ya yi mata salla. Shugaban al'umma ne, da yaƙi da baƙi da wahayi a kansa, amma ya lura da cewa mai shara ba ta nan. A unguwanninmu mutum yakan mutu a barandar shago, sai wari ya sa a kira ƴan kwana-kwana, a kai shi ɗakin ajiye gawa ba suna ba dangi. Wankan gawar Musulmi da yi mata salla da binne ta farilla ce ta kifaya, in ba wanda ya yi, dukan waɗanda suka sani sun yi laifi. Liman da mai unguwa, ku san masu kwana a titin unguwarku tun suna da rai, ku san sunayensu da garuruwansu, domin ranar da ɗaya ya faɗi a san inda za a aika.

Mai kula da na'ura yana yi mini alama cewa lokaci ya cika. Akwai tambayoyi biyu da aka aiko game da wanda ya sha ruwa bisa kuskure kafin rana ta faɗi, da kuma mai ciwon suga da likita ya hana shi azumi, za mu fara da su gobe in Allah ya kai mu. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya suturta wanda ba shi da sutura, ya mai da ƴan gudun hijira gidajensu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya.